Fuskar Tarana a Jikin Ƙwarya

Dalilin da ya sa ba ku taɓa ganin fuskar mutum a zanen ƙwarya ba, sai dagi da layuka da sawun tsuntsu, ku matso ku ji, jikokina.

Can da, zamanin da fatake suka fara haɗa kurmi da hamada, an yi wata mai zanen ƙwarya a garin Gangare, sunanta Kyallu. Takan sa wuƙa a wuta ta yi ja, ta zana abin da ranta ya so. 'Yarta ɗaya ce, Tarana, yarinya son kowa.

Wata rana ayari ya sauka a zango. A cikinsu akwai wani tsohon maƙeri daga kurmi. Ya kwance ƙunshi ya fito da kan mutum na tagulla, har da tsagar kumatu, kamar ya yi magana. Kyallu ta zuba ido ta kasa tafiya.

"Baba, ashe ana yin mutum haka?"

"Ana yi, 'yata, amma sai bayan ya mutu. Fuska ba ta zama gida biyu."

"Ku dai mutanen kurmi da tsoro! Kyan da ake gani da rai shi ne kyau."

Ta koma gida ta zaɓi ƙwarya mai sheƙi, ta zaunar da Tarana a inuwar tsamiya, ta shiga aiki kai a sunkuye. Ta zana hanci. Tarana ta ce, "Inna, kin kashe wutar ne? Ban jin hayaƙi." Ta zana idanu. Tarana ta ce, "Inna, hadari ne ya taso?" Alhali rana na tsaka.

"Yi shiru, sarkin surutu, na kusa."

Ta zana baki. Sai ƙwaryar da ke cinyarta ta ce, "Inna, wuƙar da zafi."

Kyallu ta ɗaga kai. Ga yarinya zaune da kitsonta, amma gaban kanta sumul, kamar bayan ƙwarya.

Ta rungumi ƙwarya ta sheƙa zango. "Baba, in fasa ta?"

"Kika fasa, kin fasa 'yarki. Mu ba mu da maganin wannan, don ba mu taɓa yi ba."

Ta dawo ta zauna gaban wuta. Ta ce a ranta, baƙon da bai sami wurin zama ba, gida yake komawa. Ta ƙara gasa wuƙa, ta ce, "Daure, uwata." Ta bi kan bakin da layi, layi kan layi, irin zanen da ta gada, ƙwarya na kuka har ta yi tsit. Baki ya fito a fuskar Tarana. Ta bi hanci da dagi, hanci ya dawo. Ta bi idon dama, ya dawo.

Da ta zo idon hagu, sai ta ga wurin ya yi siriri, har haske na ratsa shi. In ta ƙara ko da ƙwarzane ɗaya, zai huje. Dole ta ajiye wuƙa.

Tarana ta rayu, ta haihu, ta tsufa da ido ɗaya. Ƙwaryar kuwa aka kife ta a ƙasan rumbu, da idon hagun a jikinta. Amma wani lokaci Tarana tana cikin hira sai ta dafe gefen fuskarta ta ce, "A je a kori ɓeran nan, yana kallona."

Shi ya sa har yau mai zanen ƙwarya, komai gwanintarta, in hannunta ya fara kama da fuska, sai ta yi maza ta rufe wurin da layi tun bai kai ido ba.