Hannun Pani Bogumiła

Akwai wata ma'aikaciya, Pani (wato Malama) Bogumiła, da ta shekara sha ɗaya a ɗakin gwaji na wata masana'antar batir a nan gefen birnin Wrocław.

A cikin batir akwai wata siririyar leda da ke raba ɓangarorinsa biyu don kada su haɗu su kama wuta. Idan ta sha ruwan batir takan kumbura. Kumburin in ya yi yawa sai ta yi laushi, ta tattare. Aikin Bogumiła shi ne ta jiƙa ɗan yanki, ta tsane shi da takarda, ta ɗora a ma'auni ta ga yawan kumburinsa.

A watan Maris sabon injiniya, Radosław, ya kawo ledar da ya shekara yana haɗawa. Ta auna, kumburin ya wuce ƙa'ida.

"Pani, wannan ai lallashin jika kike yi, ba tsanewa ba," in ji shi. Ya danna takardar da babban yatsa, ruwa ya fita, lambar ta sauko. "Kin gani? Sa hannu."

"Yallaɓai injiniya, a cikin batir wa zai danna mata yatsa?"

Bai yi dariya ba. Ya rubuta wa darakta cewa hannun Bogumiła ya tsufa, a mayar da ita sito.

Darakta, Pani Jadwiga, ta sauko da kofin shayinta. "Ba na son dogon zance. Kowa ya auna sau biyar."

Radosław ya fara. Awo biyar, lamba biyar, ba wadda ta gaida 'yar'uwarta.

Bogumiła ta ɗora takarda, ta ƙirga uku a ranta, ta ɗaga. Sau biyar lambar ba ta gusa ba sai da ƙyar.

"Rubuta masa takardar gargaɗi zan yi," in ji darakta.

Bogumiła ta ce, "A'a, ranki ya daɗe. Ledarsa ba ta da laifi sosai, gyara kaɗan take so. Yatsan ne ke da gaggawa."

Radosław ya jawo kujera kusa da Bogumiła.

Sati biyu yana zaune kusa da ita yana auna nauyin dannawarta. Daga nan ya sa aka ƙera ɗan ƙarfe mai wannan nauyin daidai, ya kawo mata a tafin hannu.

"Kowa da shi zai riƙa tsanewa yanzu, Pani."

Ta juya shi, ta gwada sau ɗaya, ta dubi ma'auni. "Ba laifi. Je ka gyara ledarka."

Darasi: Wanda ya matsa wa awo don ya faɗi abin da yake so, kansa ya yaudara. Gaskiyar aiki ita ke tsaya wa mai ita ranar da babu mai tsaya masa. Ku tura wa abokan aikinku.