Jirgi Mai Ƙyalli da Katakon da Kada Ya Tauna

Akwai wani mutum a nan garinmu Siavonga, sunansa Mweemba. Har yau in na tuna abin da son a gani ya kusa jawo masa, sai tsikar jikina ta tashi.

Mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohon jirgin ruwa mai inji. Irin wanda ake ɗaura wa igiya a baya ne, mutum ya hau katako ya riƙe igiyar, a ja shi yana zamiya a kan tafki. Rana ta cinye fentin jirgin, jan ya koma kamar an barbaɗa masa toka.

Mweemba ya tasa jirgin gaba. Ya goge da samfefa, ya shafa mai, ya murza, ya sake murzawa, har mutum na iya ganin haƙoransa a jikin jirgin. Wannan kam ba zan hana shi yabo ba, ya yi aiki.

Amma murfin inji, ko sau ɗaya bai ɗaga ba. Agogon da ke nuna zafin inji ma cire shi ya yi, wai gilashinsa ya yi rawaya yana ɓata kyau. Ya dasa rediyo a gurbinsa.

Duk Asabar sai ya tayar da injin a tsakar gida, jirgin yana kan tirela, a busasshiyar ƙasa. Ya yi ta ba shi wuta don unguwa ta ji.

Wata Asabar yayan matarsa, Choongo, ya shigo da gudu yana toshe kunne. Shi ma yana da tsohon jirgi irin wannan, sai dai nasa ya koɗe kamar gindin tukunya.

"Mulamu, kashe! Kashe, don Allah!" in ji Choongo (mulamu shi ne suruki a yarenmu). "Ina tiyon ruwa?"

Mweemba ya kashe yana dariya. "Wanka zan yi masa? Jiya na wanke."

"Ba wanka ba. Injin nan ruwan tafki yake zuƙa ya huce. A cikin famfonsa akwai wata roba mai fukafukai. In ta juya a bushe, ƙonewa take. Babanka bai taɓa murza makulli a tudu ba sai ya jona tiyo, ka sani."

"Baba ya yi zamaninsa. Ka ji ƙarar nan kuwa? Mara lafiya yana ruri haka?"

"Ba ni sifana mu buɗe mu gani. Ina da sabuwar roba a gida, kyauta."

"Ka ji mai kyauta! Fara yi wa naka kyautar fenti, mulamu. Kajin unguwa har sun ɗauka akurkinsu ne."

Matar Mweemba, Mutinta, tana tuƙa nshima, tuwon masararmu, a bakin kicin. Ta ce, "Baban Luyando, ka saurari Yaya mana. 'Yarka za ka ja da abin nan, ba buhun gawayi ba."

"Ki kula da tukunyarki, kada ta kama," in ji shi.

Choongo bai yi fushi ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi. Ni da ni ce, da ban sake taka gidan ba.

Ranar hutu ta zo, bakin tafki ya cika da jama'a. Ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Mweemba ya saukar da jirginsa yana walƙiya, mutane suna ta ɗaukar hoto. Choongo ya matso da nasa zai ɗaure a gefe.

"Haba mulamu, matsa can gaba!" Mweemba ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Kada ka shiga hoton, a ce mun buɗe gidan gwangwan."

Aka kwashe da dariya. Choongo ya matsa can nesa, ya jefa ƙugiya kamar mai kamun kifi. Amma idonsa bai bar jan jirgin ba.

Luyando, 'yar Mweemba ɗaya tilo, budurwa ce mai karatu a Lusaka. Ta sa rigar ceto, ta hau katako, uban ya ja ta.

Kowa a nan ya san doka. Zamiya a tsakiyar tafki ake yi, inda ruwa ke da zurfi. Ba a kusantar ciyayi da matattun itatuwan bakin gaɓa, don nan ne ɗakin kada. To a tsakiya wa zai ga ƙyallin jirgi? Sai Mweemba ya kwano da jirgin dab da ciyayin, yana ɗaga wa jama'a hannu, rediyo na tashi.

Ba agogo, ba gargaɗi. Sai warin ƙonanniyar roba, sai baƙin hayaƙi daga ƙarƙashin murfi. Injin ya yi tari, ya mutu.

Igiya ta saki. Luyando ta faɗa ruwa, katakon ya suɓuce daga ƙafarta. Iska kuwa ta ci gaba da tura jirgin uban nesa da ita.

Mweemba ya murza makulli. Shiru. Ya sake murzawa. Shiru.

Wata mata kusa da ni ta ƙwalla ihu tana nuni. Daga cikin ciyayin, wani abu kamar gungume ya sulalo cikin ruwa. Gungume ba ya tafiya yana fuskantar iska.

Mutinta ta zube a yashi. "Luyando! Wayyo 'yata!"

Muna jin muryar yarinyar. "Baba! Baba, zo mana!"

Uban yana tuƙi da tafin hannu, yana kuka kamar yaro. Jirgi mai nauyin mota, ina hannu zai kai shi?

Sai muka ji wani inji ya tashi a murzawa ɗaya. Akurkin kajin nan ne. Choongo ya yanke igiyar ƙugiya, ya tsaga ruwa, ya ratsa tsakanin yarinyar da kadan. Ya kashe wuta don kada farfela ta sare ta, ya damƙi wuyan rigarta ya wurgo ta ciki kamar kifi.

Ƙafarta na barin ruwa, muka ji ƙas! Kadan ya haɗa baki da katakon da ke yawo a wurin. Ya girgiza shi, ya sake shi, ya nutse.

Masu hoto ma sun manta da wayoyinsu.

Choongo ya tsamo katakon, ya jefa wa Mweemba igiya, ya jawo shi har gaɓa. Koɗaɗɗen jirgi a gaba, mai ƙyalli a baya yana hayaƙi. Wannan hoton kam an ɗauka.

A gaban kowa Choongo ya ɗaga murfin, ya kwance famfon. Robar ta zama gari, ko fiffike ɗaya bai rage ba.

Mweemba ya durƙusa ya kama gwiwarsa. "Mulamu, ban san da bakin da zan..."

"Tashi, kana jiƙa mini wando," in ji Choongo. "Robar nan tana nan a gida. Gobe ka zo da sifana, ka bar man gogewa."

Mutinta ta saki 'yarta, ta ɗauko katakon. Haƙoran kada sun huda shi gaba da baya, daidai inda ƙafa ke zama. Ta ɗora wa mijin a hannu.

"Ungo, Baban Luyando," ta ce. "Goge wannan ma, ya yi ƙyalli."

Darasi: Abin da ido ke gani ba shi ke ɗaukar rai ba. Ku gyara ciki kafin ku shafa wa waje mai, kuma kada ku wulaƙanta mai faɗa muku gaskiya don rigarsa ta koɗe, wataƙila shi ne zai tsamo ɗanku. Ku tura wa duk wanda kuka san gogewa ta fi masa gyara, tun kada bai fito daga ciyayi ba.