Ranar da Yarima Mantau Ya Yi Kuka

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai kaifin hankali, irin hankalin nan da idan ya yi yawa yakan kai mai shi ya baro. Ya shekara ashirin a gadon sarauta bai sami haihuwa ba, sai da furfura ta fara leƙo masa sannan matarsa Yelwa ta haifi ɗa namiji. Gari ya ɗauka, aka kwana bakwai ana shagali, aka yi wa yaro laƙabi da Mantau, don ya mantar da uban zafin jira.

Da aka yi arba'in sai sarki ya kira Waziri ya ce, "Na yi nazari, na gano ba abin da ke ɓata sarakuna kamar fifita wani a kan wani, shi kuwa a bayan uwa ake koyonsa. Ɗana ba zai saba da mutum ɗaya ba, don ya zama na kowa da kowa. A haɗa masu shayarwa arba'in, kowace ta riƙe shi kwana ɗaya ta miƙa wa ta gaba. Uwarsa ma ta shiga layi, ta zama ta arba'in ɗin."

Waziri ya dubi fuskar sarki, ya tafi ya haɗo matan. Yelwa ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma wa ya isa ya ce wa sarki dabararsa ta karkace?

Watannin farko Mantau ya yi ta tsala kuka har muryarsa ta dishe. Can sai ya rage, daga nan ya bari ɗungurungum. Ya kai wata goma ba kuka, ba dariya, ba rarrafe, kullum sai ramewa yake kamar ana yankarsa. Masu magani suka duba ba su ga ciwo ba. Shi kuwa uban, Allah sarki, shirun kawai yake gani, yana murna ya haifi jarumi.

Murnar ta ƙi barinsa ya zauna, sai ya tara mutanen gari a fada don su ga aikin hikimarsa. Aka shimfiɗa kilishi aka ajiye Yarima a tsakiya, matan nan arba'in suka kewaye shi. Sarki ya ɗaga hannu, aka narka wa tambari duka ba zato. Duk jariran da ke goye a wurin suka ɓarke da kuka. Mantau ya zabura, bai dubi kowa ba, ya sa babban yatsa a baki ya yi shiru.

Sarki ya miƙe tsaye don daɗi, yana cewa, "Kun gani! Ba tsoro, ba zaɓi! Ga mai adalcin gobe!" Maroƙa suka ɗauka, fadawa suka yi ta jinjina.

Cikin hayaniyar nan sai aka ji wani ya yi salati da ƙarfi, irin wanda ake yi in an ji mutuwa. Ashe wani tsohon mai lambu ne, Barmo, ya kawo albasa gidan sarki, 'yarsa Tasalla na biye da shi da goyo a baya. Dogarai suka yi caraf suka gurfanar da shi.

Sarki ya ce, "Kai tsoho, wa ya mutu?"

"Ya sarki, ba wanda ya mutu tukuna. Shawara nake nema wurin mai ilimi. Ina da dashen albasa guda da nake ji da shi, ina da fangali arba'in, duk na sa musu taki. Don kada wani fangali ya ce na fifita ɗan'uwansa, kullum da safe sai in cire dashen in mayar da shi wani."

Sarki ya yi dariya har rawani ya goce. "Ashe tsufa ba hankali ba ne! To yaushe zai yi saiwa? Ai kashe shi kake yi."

"Haka ne, ya sarki? Amma bai taɓa yi mini ƙorafi ba."

Sarki ya murtuke ya ce, "Ɗana ba albasa ba ne. Shi kaɗai ne bai yi kuka ba, jikarka kuwa ta cika mana kunne."

"Ya sarki, ana yin sallama a kango?"

"Ba a yi, don ba mai amsawa."

"To kukan jariri sallama ce. Jikata ta yi don ta san akwai mai amsa mata. Yarima ya yi tasa wata da watanni, kullum ya fara gane murya sai a canza masa wata, har ya fid da rai ya daina."

"Kana nufin matsoraciyar nan ta fi ɗana zuciya?"

"A sauke ta a gani, ranka ya daɗe."

Tasalla ta kwance majanyi ta ajiye yarinyar a kan kilishi, hawayen ma bai bushe mata ba. Yarinyar ta waiga ta ga uwarta na nan, ta rarrafa gaba. Ta sake waigawa, ta ƙara gaba, ba ta tsaya ba sai gindin sarki. Ta kama bakin alkyabba ta miƙe, da ya sunkuyo don ya dube ta, ta damƙi gemunsa ta ja. Dariyar da mutane ke dannewa ta ƙwace musu. Mantau kuwa yana inda aka ajiye shi, ko motsi bai yi ba.

Sarki bai yi dariya ba. Ya sauko ya ɗauki ɗansa, ya ji shi shafal kamar ba mutum a cikin rigar. Ya kira sunansa, yaron ya kau da kai. Nan tsoro ya kama sarki, irin wanda bai taɓa ji ba ko a fagen yaƙi, hawaye ya zubo masa gaban talakawansa. Ya ce, "Baba, akwai magani?"

"A mayar wa uwa ɗanta, kai ma ya riƙa ganin fuskarka kullum. Sai haƙuri. Ranar da ya yi kuka, ka gode wa Allah."

Tun kafin a rufe baki Yelwa ta keta matan nan ta sure ɗanta ta goye. Daga ranar ba ta sauke shi sai dole. Sarki kuma kowace safiya yana durƙushe a tabarma yana tafa hannu yana gwalo, abin da da a ce wani aka gani yana yi, da an ce ya haukace, a kai shi turu. Mako ya wuce, wata ya wuce, yaro ya fara karɓar koko, amma shiru.

Rannan da hantsi Yelwa ta ajiye shi za ta ɗebo ruwa. Ta kai bakin ƙofa ke nan sai ta ji an callara ƙara a bayanta. Jakadiya ta kwasa da gudu ba ko kallabi, ta faɗa fada tana ihu, "Ya yi kuka! Wallahi ya yi kuka!" Sarki ya bar zaman fada da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tarar da Mantau ya miƙa hannu biyu yana neman uwarsa, ta ɗauke shi, ya lafe a ƙirjinta yana ajiyar zuciya, sannan ya leƙo ya yi wa uban murmushi.

Sarki ya sa aka yi ta kiɗa har la'asar. Fataken da suka shigo gari suka tambayi dalili, aka ce musu ɗan sarki ne ya yi kuka, suka ce lallai mutanen garin nan sun taɓu.

Aka kirawo Barmo, sarki ya ce ya roƙi abin da yake so. Tsoho ya ce, "Tambaya ɗaya ce, ya sarki. Yaushe rabon da talaka ya kawo kuka fadarka?"

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Shekara uku, Allah ya ba ka nasara. Mun ɗauka zaman lafiya ne."

Sarki ya ce, "A buɗe ƙofa, a yi shela. Yau na sani, adalci ba shi ne a daina kuka ba, shi ne mai kuka ya tabbata za a zo."