Manomin da Ya Sallama Tsohon Sansa da Rani

Akwai wani mutum, manomi, yana da shanun huɗa guda biyu da suka daɗe suna yi masa aiki. Ana nan da kaka sai ɗaya ya mutu. Saura ɗaya, wani tsohon sa fari mai karyayyen ƙaho. San nan ya san aikinsa. In an ɗora masa karkiya ba ya jiran bulala. Ya san inda kunya take farawa, ya san inda ake juyawa a bakin gona.

Sai mutumin ya sayo 'yan bijimai biyu, ƙosassu, wuyansu kamar turmi. Amma ba a taɓa ɗora musu karkiya ba.

Da rani ya yi tsanani, harawa ta ƙare, sai ga wani dillalin shanu a ƙofar gida. Ya dubi tsohon san, ya ce, "Maigida, wannan dattijon me yake tsinana maka banda cin dusa? Ga samari biyu Allah ya ba ka. Bari in taya."

Ya taya, manomi ya ce albarka. Ya ƙara, manomi ya ce albarka. Suka yi ta ja har dillali ya kai inda ran manomi ya kwanta.

Matar manomin tana jin su daga cikin gida. Ta kira shi gefe ta ce, "Malam, kada ka sallama tukuna. Ka haɗa shi da bijiman nan ɗaya bayan ɗaya, su riƙa jan gungumen icce a fili, su koyi tafiya a gefensa. In sun iya, ka sayar da shi ko washegari."

Ya ce, "Ke ma dai! Jan garma har wani karatu ne? Dubi ƙirjinsu. Waɗannan ko dutse aka ɗaura musu sai sun ja."

Ta ce, "Ƙarfi kam na gani. Hanya ce ban ga sun sani ba."

Ya ce, "Ciniki ya yi kyau, ba zan bari ya wuce ni ba." Ya koma ya sallama, dillali ya ja tsohon sa ya tafi.

Da ruwa ya sauka, manomi ya kai bijimansa gona, ya ɗora musu karkiya. Ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya tsaya cik. Ya ɗaga bulala. Suka zabura a guje, garma tana tsalle a bayansu, ko kunya ɗaya ba ta miƙe ba. Ya sake gwadawa, ya ƙara duka. Kafin rana ta take, karkiya ta saɓule wa ɗayan fatar wuya, jini yana zuba.

Ya tafi wurin maƙwabcinsa, wani dattijo mai horarrun shanu, ya ce, "Baba, taimake ni da aron sa ɗaya."

Dattijon ya ce, "Yau? Ƙasa tana da laima yanzu, jibi ta bushe. In na ba ka, tawa gonar wa zai huɗe? Da da rani ka zo, ɗana, da na ba ka har da igiyarsa."

A shekarar nan da fartanya suka yi abin da suka iya, shi da matarsa, rabin gonar kuwa ciyawa ta cinye. Da rani ya zagayo, ɗaya bijimin ya koyi aiki a gefen san maƙwabci. Amma wanda ya ji rauni, ko daga nesa ya hango karkiya sai ya tsinke igiya. Ƙarshensa mahauci ne ya saye shi.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar nan 'ya'yanmu ne na makarantar Lahadi. Tsohon sa shi ne malamin da ya daɗe yana koyar da Maganar Allah. Bijiman kuwa samarinmu ne da 'yanmatanmu, masu ƙwazo da son aikin Ubangiji.

Mun saba da wani abu a ikkilisiya, ni kuwa ba zan rufe baki a kansa ba. Da mun ga yarinya ta iya karatu, muryarta tana fita, sai ranar Lahadi da safe a miƙa mata Littafi Mai Tsarki a ce, "Je ki, yara na jiranki." Ba wanda ya zauna da ita a kan darasin. Ba ta taɓa ganin yadda ake kwantar da yara masu tsalle a kan benci ba. Sai wani ya jefo mata tambayar da ba ta da amsarta, sauran su kwashe da dariya. Ta koma gida da kunya. Mako mai zuwa ba ta zo ba, mu kuma mu ce 'ya'yan zamani ba su da juriya. Mu ne muka ji mata rauni. Tun rasuwar maigidana ni nake riƙe da shanunmu, ban kuwa taɓa ganin san da aka haifa da sanin huɗa ba.

Iya karatu daban, iya koyarwa daban. Sabon malami ya fara zama a gefen tsoho yana kallo. Su haɗu a tsakiyar mako su buɗe nassin tare, su yi addu'a, ya yi duk tambayar da yake jin kunyar yi a gaban yara. In an jima a ba shi rabin labari ya faɗa. Ranar da zai riƙe aji duka, tsohon ya zauna a baya ya yi shiru, sai bayan an tashi su yi magana. A kuma ba shi Littafi nasa na kansa, ba na aro ba.

Za ku ce malamai sun yi kaɗan, yara sun yi yawa, babu lokacin wannan duka. Na ji. To, a haɗa aji biyu a gindin mangwaro, su matsu na ɗan lokaci. Matsi bai taɓa korar yaro daga ikkilisiya ba.

Ku kuma tsofaffin malamai, Baba Barnaba, Mama Rifkatu, na san gwiwa ta gaji, kuna so ku huta. Hutu halalinku ne. Amma kowannenku ya fara nuna mana wanda ya koyar a gefensa har ya tsaya da ƙafarsa. Kafin nan, duk dattijon ikkilisiya da ya zo neman mu sallame ku, amsata ɗaya ce: albarka.