Kyamarori Biyu da Buzun Malam Datti

A cikin ma'aikatan da ke fita daga Kawo kowace safiya zuwa ofisoshin gwamnati akwai wani mai suna Nuraddeen. Mutum ne mai kirki, ba ruwansa da faɗa, ba ruwansa da gulma. Aibinsa ɗaya ne. Ba ya iya ɗaukar abu sai ya tabbata babu wanda ya fi shi a duniya. In ya shiga kasuwa sayen hula, sai mai hular ya gaji ya koma ya zauna. Wannan hali ya fi tsananta a kan abin da ya fi so, wato ɗaukar hoto.

Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai, amma ta kama shi sosai. Yana da tsohuwar kyamara babba wadda ya ce nauyinta ya ishe shi. Abin da yake nema yanzu shi ne 'yar ƙarama, irin masu tsadar nan da ke shiga aljihun kaftani, su kuma ɗauki hoton da ya kai na manya. Ya tace ya tace har suka rage guda biyu, kuma a nan ya maƙale.

Ɗaya baƙa ce. Idonta ɗaya ne tak, ba ta jawo abu na nesa, in kana son kusa sai ka taka da ƙafarka. Amma faifan da ke kama haske a cikinta babba ne, ko rana ta yi sanyi hotonta ba ya yin yashi. Ɗayar mai ruwan azurfa ce. Ita tana jawo nesa kusa, tana kama fuska da sauri, tana da 'yar tagar leƙawa, sai dai cin batir gare ta, kuma da haske ya ragu hotonta ya fara dishi-dishi. Nuraddeen ya kalli bidiyon masu gwaji har ya haddace maganganunsu. Yau ya kwana da baƙa, gobe ya tashi da mai azurfa. Damina ta shigo ta same shi a haka, ta kusa fita yana nan.

Abokinsa Kabir na Mando, wanda suke yawon ɗaukar hoto tare a bakin kogi ranar Asabar, yana da duka biyun. Ya sha gaya masa, "Wallahi Nura, rufe ido ka ɗauki ɗaya. Kowacce ta fi ƙarfin abin da za ka ɗauka."

"Kai ba ka gane ba," in ji Nuraddeen. "Baƙin mutum cikin farar riga, nan ake sanin kyamara. Wata ta gyara rigar ta baƙanta fuskar, wata ta fito da fuskar ta ƙona rigar. Sai na ga wadda ke riƙe duka biyun."

Gaskiya ya faɗa, ba a ce bai san abinsa ba. Sanin ne ma ya yi masa yawa.

Mahaifinsa, Malam Idris, wanda kowa a Hayin Banki ke kira Malam Datti, tsohon malamin allo ne. Tun da yake bai yarda an ɗauke shi hoto ba, sai ɗan ƙarami na fasfo lokacin da ya tafi aikin Hajji, shi ma yoyon ɗaki ya cinye shi tuntuni. A wurin biki in ya ga an ɗaga waya, sai ya ja rawaninsa ya kau da kai. Mutum ne mai magana ɗaya, in ya ce a'a an gama. Kuma saboda Nuraddeen ne ɗansa na fari, yana yi masa alkunya irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" yake ce masa, ko "wannan yaron," har Nuraddeen ya fara furfura.

Autar gidan, Safiyya, ita ce ta iya da shi. Tana ɗauke da cikinta na fari, ta zo ta durƙusa a gabansa ta yi ta roƙo.

"Baba, don Allah sau ɗaya. Abin da zan haifa ya san fuskar kakansa. Ba wanda zai gani sai mu."

Malam ya ci gaba da jan carbinsa har ta fid da rai. Can ya ce, "To. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zauna. Sau ɗaya za a danna abin nan, ba biyu ba. Yayanki ne zai ɗauka, tunda an ce ya iya."

Da labari ya kai ga Nuraddeen, murna ta kama shi, tsoro kuma ya biyo bayanta. Danna ɗaya! To da wacce? Bai ko kalli tsohuwar kyamararsa ba. Ya tafi Mando ya aro duka biyun wurin Kabir, ya ce a ransa yau za a yi ta ta ƙare, zai gwada su a wurin, ya zaɓi gwana, ya ɗauki Malam da ita.

Ranar Juma'a mahaifiyarsu, Inna Mero, ta share tsakar gida ƙal. Ta shimfiɗa buzun Malam a gindin mangwaro, ta ajiye butarsa a gefe. Kafin Malam ya fito, Nuraddeen ya fara gwaji a kan buzun. Ya ɗauka da baƙa, ya ɗauka da mai azurfa, ya jera su yana duba gashin buzun a kowacce.

Malam ya fito cikin farar rigarsa ta Idi, wadda aka kai wa mai bugu tun ranar Laraba. Ya naɗa rawani, ya sa kwalli, ga carbi a hannu. Inna Mero ta kalle shi ta sunkuyar da kai tana murmushi kamar amarya. Ya zauna a kan buzun, ya gyara rigarsa, ya dubi ɗansa.

"To, ga ni."

"Yanzun nan, Baba. Bari in daidaita."

Tunda danna ɗaya aka ba shi, ba shi da damar gwaji a kan fuskar Malam. Sai ya koma gwadawa a kan abin da ke kewaye da shi. Ya ɗauki butar. Ya ɗauki farin mayafin Inna da ke shanye a igiya. Ya ɗauki kututturen mangwaro, don duhunsa ya yi kusa da na fata. Baƙa ta riƙe farin mayafin da kyau, amma a ganinsa ta yi jinkirin kama abu. Mai azurfa ta kama nan take, amma farin ya ɗan ƙone a gefe. Ƙarshen damina ne, gajimare na ta wucewa. Da ya yanke shawara sai rana ta ɓuya, lissafi ya rushe, ya sake sabon gwaji.

Malam na zaune, yana jan carbi. Tsohon da bai saba jiran kowa ba, ga shi yana jira.

Safiyya ta ga abin ya yi tsawo. Ta zaro wayarta a hankali ta ɗaga.

"Ke! Ajiye wannan!" Nuraddeen ya daka mata tsawa. "Danna ɗaya aka ba mu, za ki ɓata mana ita da wannan tarkacen wayar? Hoton Baba ne fa, ba hoton shinkafar biki ba."

"Yaya Nura, hadari na haɗowa."

"Na gani. Ki bar ni in yi abin da na sani."

Ta sauke wayar. Ba don ta yarda ba, sai don yayanta ne.

Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro. Gabas ta yi baƙi. Sai Malam ya daina jan carbin, ya ɗago kai, ya yi magana a hankali.

"Nuraddeen, ka ɗauka mana."

Inna Mero ta ɗago da sauri. Safiyya ta riƙe baki. Tun da aka haife shi, yau ne sunan ya fito daga bakin mahaifinsa. Kowa a tsakar gidan ya ji, sai mai sunan. Kansa na sunkuye a kan kyamarori biyu, yana gwada wacce ta fi jure duhun hadari.

"Saura kaɗan, Baba," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ruwa ya sauko da manyan ɗigo. Abin da Nuraddeen ya fara tunawa shi ne kyamarorin kayan aro ne, kuma ba sa son ruwa. Ya cusa su cikin riga ya ruga rumfa. Da ya juyo, Malam ya riga ya miƙe, ya naɗe buzunsa da kansa, yana tafiya ɗaki a hankali, ruwa na jiƙa farar rigar.

Ko a lokacin Nuraddeen bai ji ya yi asara ba. Ya ɗauka abu ne na sake sa rana. A wannan makon ya zauna ya duba hotunan gwajin ɗaya bayan ɗaya, ya yanke cewa baƙa ta fi, ya ba da saƙo a kawo masa sabuwa. Ya je Hayin Banki da fara'arsa, ya gaida Malam, ya ce yanzu kam ya shirya.

Malam bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi.

"Na yi alkawarin zan zauna, na kuwa zauna," ya ce. "Dama raina bai kwanta da abin ba. Tunda Allah bai nufa ba, a bar maganar."

"Baba, minti..."

"Kai, an gama."

Ya koma "kai" ɗinsa na kullum. Safiyya ta sake roƙo, har da kuka, Malam ya yi ƙememe. Nuraddeen ya ce mata ta kwantar da hankalinta, in ta haihu ranar suna tsohon zai sauko.

Malam bai kai ranar sunan ba. Bayan an ɗauke ruwa zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a farga Allah Ya yi masa rasuwa. Jama'a suka cika unguwa, tsofaffin ɗalibansa suka zo daga Katabu, daga Zariya, daga ko'ina. Ana cikin zaman makoki mai kawo saƙo ya buga wa Nuraddeen waya ya ce sabuwar kyamararsa ta iso.

Safiyya ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan kakansa, Idris. Da yamma ranar suna, bayan mata sun ragu, Nuraddeen ya shiga ɗakin Inna Mero. Safiyya na zaune da jaririn a cinya. Tun rasuwar ba ta tayar masa da maganar ba, shi ma bai iya haɗa ido da ita sosai ba.

Inna Mero, wadda ita ma ba ta kiran sunansa, ta ce, "Kai, ranar nan na ga kana ta danne-danne. Ba abin da ya fito?"

Ya buɗe hotunan da ya kwashe a wayarsa, ya miƙa mata, yana turawa ɗaya bayan ɗaya. Ga buta, tas da ita, har tsagar da ke murfinta. Ga mayafi. Ga kututturen mangwaro, tururuwa na hawa, ana iya ƙirga ƙafafunsu. Ga buzu, babu kowa a kai.

Ta daɗe tana kallon hoton buzun. "Wannan kam ya fito," ta ce. "Har inda garwashi ya ƙona shi ga shi nan."

Ya tura na gaba. Hoton buta ne kuma, amma a can gefe, inda kyamarar ba ta kula ba, an kamo bakin farar riga da hannu riƙe da carbi. Butar ta fito sarai, hannun kuwa dishi-dishi.

"Tsaya," in ji Inna Mero. "Matso min da nan."

Ya buɗa hoton da yatsu biyu. Yana ƙara girma yana ƙara watsewa. Ta sa yatsa ta shafa gilashin wayar.

"Hannunsa ne. A wanke min wannan."

Safiyya ta leƙo ta gani. Ta ce, "Yaya Nura, ka san ya kira sunanka ranar?"

"Wa?"

"Baba. Ya ce, Nuraddeen, ka ɗauka mana. Duk mun ji."

Ya dubi Inna Mero. Ta gyaɗa kai. Ya yi ta laluben ranar a cikin ransa. Ya tuna yadda farin mayafin ya ƙone a mai azurfa, ya tuna inda batir ya tsaya, ya tuna komai. Wannan ne kawai bai samu ba. Ya fita tsakar gida ya tsaya a gindin mangwaro, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Hoton na nan rataye a ɗakin Inna Mero, buta da hannu. In aka ɗaga Idris ƙarami aka ce ina Kaka, can gefen yake nunawa. Baƙar kyamarar kuwa tana da kyau ƙwarai, duk abin da aka faɗa a kanta gaskiya ne. Nuraddeen yakan ɗauki yaron da ita, kuma yanzu ba ya cewa kowa ya jira.

Mai karatu, darasin a fili yake. Bincike kafin saye ba laifi ba ne, sanin bambancin wannan da wancan ma abu ne mai kyau. Amma kayan aiki don aiki aka yi su, kuma mutumin da ke zaune a gabanka ya fi abin da ke hannunka daraja. Kada neman wanda ya fi kyau ya hana ka amfani da mai kyau, kada kuma girman kai ya sa ka raina ɗan abin da wani ke riƙe da shi, don wata rana shi za ka nema ka rasa. Kyamarori ba sa ƙarewa a kasuwa, kowace shekara sabuwa na fitowa. Iyayenka kuwa ba za su zauna suna jiranka har abada ba. In sun zauna, ɗago kai ka dube su, in sun kira ka, ka ji.