Ardo Barkindo da Filin Duniyar Auta

An yi wani sarki a Birnin Gwaska, ana ce masa Zailani ɗan Tanimu, wanda Allah ya hore wa maƙera da masana taurari irin waɗanda ba a taɓa tarawa a ƙofa ɗaya ba. In wani ya ce muku an taɓa, ku ce ya kawo shaida. A zamaninsa jama'a ta yawaita har gonar gado ta koma abin da ɗan akuya zai tsallake, saboda haka ya umarci maƙera su ƙera jirgin da zai keta sararin samaniya, masana kuma su nemo wata duniyar da ɗan Adam zai shaƙi iskarta ya shuka gero.

Suka kuwa samo. Wata duniya ce can nesa, suka raɗa mata Auta, domin ita ce ta ƙarshe da madubinsu ya hango. Aka aika da na'ura mai ido ta sauka a wani shimfiɗaɗɗen fili, ta yi wata huɗu tana aiko da hoto: ga baƙar ƙasa, ga ƙorama, ga wani abu mai kama da busasshiyar ciyawa, amma ba a ga motsin kowa ba.

Da aka kammala jirgi, aka zaɓi gida arba'in da za su fara tafiya, sai sarki ya tara fada ya ce, "Ya ku ma'abota shawara, zuwa kam za mu je, amma ba na son in tsaya gaban Ubangiji da haƙƙin wata halitta a wuyana, ko da kamarta ba irin tamu ba ce. Ku gaya mini, filin nan yana da mai shi, ko kuwa matacciyar ƙasa ce wadda shari'a ta halatta wa duk wanda ya raya ta?"

Waziri Haladu, mutumin da harshensa kan riga tunaninsa isowa, ya gyara rawani ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, tun kaka da kakanni alamar mallaka uku ce: shinge, huɗa, da hayaƙi. Inda babu ɗayansu babu mai wuri, wanda ya fara kafa sanda shi ke da shi. A tashi jirgi ranar Alhamis."

To, a bakin zaure akwai wani tsohon makiyayi, Ardo Barkindo, kwanansa goma sha ɗaya yana neman ganin sarki. Da rani ya yi kudu da shanunsa kamar kowace shekara, da ruwa ya sauka ya dawo ya tarar an huɗe mashekarinsa, wato filin da garkensa ke yin damina, an shuka wa Waziri masara. Shanu na tsaye a gefen hanya, maruƙa har sun fara mutuwa, alƙali kuma ya sallame shi da cewa filin ba shi da ko ɗaya daga alamomin nan uku. Duk abin da Waziri ya faɗa a kunnensa.

Aka kira azahar, fada ta watse zuwa masallaci. Da aka dawo sai aka iske Ardo ya harɗe a kan dardumar Waziri, ya kafa sandarsa a gaba, ya rataya mata malafa, yana sakace abinsa.

Waziri ya ce, "Kai Bafillace, fura ce ta hau maka kai? Ko salla ba ka yi ba?"

"Na yi, ranka ya daɗe. Matafiyi ne ni, raka'a biyu ce tawa, shi ya sa na riga ka."

Dogarai suka cafke shi, saura ƙiris su yi waje da shi a sama, sarki ya ce a sake shi ya faɗi hujjarsa. Ardo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na shigo na tarar da wuri ba shinge, ba huɗa, ba hayaƙi, na kafa sanda. Hukuncin Waziri na bi, ban ƙara ko wasali ba."

Waziri ya ce, "Salla na tafi! Wa ye bai san zan dawo ba?"

"Ni ma rani na tafi, ranka ya daɗe, kuma kowace saniya a ƙasar nan ta san zan dawo."

Sarki ya tambayi ba'asi, Ardo ya zayyana masa labarin mashekari daga fari har ƙarshe, sannan ya nemi izini ya yi wa masana tambaya ɗaya: shekarar Auta wata nawa ce? Babbansu ya ce ta kai shekara uku irin tamu.

Ardo ya ce, "Ashe tsawon sallar azahar kuka leƙa gidan mutane, kuka ce kufai ne. Ku sake duba ciyawar hoton nan, tsayinta ɗaya kamar an aske, iska kuwa ba ta aski. Baki ne ya yi wannan aikin. Ku haƙura shekarar can ta zagayo, ku aika da curin kanwa a ajiye a tsakiyar filin. In ba kowa, kanwa kawai kuka yi asara; in da kowa, kun riga kun yi sallama."

Sarki ya ce, "Haƙiƙa na nemi hikima a cikin manyan riguna, ashe tana bakin zaure ana hana ta shigowa." Nan take ya yanke hukunci a mayar wa Ardo mashekarinsa, masarar da ke ciki ta zama abincin shanu, ya yafa masa alkyabba, ya kuma dakatar da jirgi, aka aika da kanwar aka ajiye a filin.

Ana cikin shekara ta biyu ruwan Auta ya sauka, sai ga hoto: wasu halittu dogaye masu ƙafa shida, launin toka, sun gangaro daga bayan duwatsu dubu bisa dubu da 'ya'yansu a gadon baya, suka cika filin nan maƙil, daidai inda aka zana za a gina gida arba'in. Suka kewaye kanwar kwana uku, sannan suka ɗauke ta, suka ajiye wani dutse mai sheƙi a gurbinta.

Sai bayan haka jirgi ya tashi, Ardo ne a gaba bisa umarnin sarki, bayan ya yi ta ciniki har aka yarda ya tafi da karsana biyu. Suka sauka a hayin ƙorama, inda masu wuri ba sa kiwo, kuma a can aka fara yanka geron Auta.

Masu hikima sun ce, adalcin sarki ba ya cika sai ya tsare haƙƙin wanda ba ya nan, domin wanda ke nan yana da baki.