Ranar da Kura Ta Ce Taken Manoma Nata Ne

Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau mai ban haushi ce!

Ta zo mu ji ta, mu taya ki jin haushin!

An yi wani makaɗin noma, sunansa Cindo. Gangarsa ta gado ce, tun kakansa ake kaɗa ta. Kowane manomi a garin yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai. Bajimin Sa na da nasa, Jaki na da nasa, har Burgu, ɗan mitsitsi da shi, yana da nasa.

Ana nan, sai Kura ta je birni ta dawo da rikoda da wani ƙaton tabarau, wai ta buɗe kamfani. Kamfani fa! Kurar da ko tafi ba ta iya ba. Ta laɓe bayan kuka, Cindo na kiɗa tana ɗauka.

Washegari Cindo ya soma taken Bajimi, sai ga ta.

Ta ce, "Tsaya! Abin da ya shiga akwatina, nawa ne."

Cindo ya ce, "Haba Kura, kakana ya ƙago wa kakan Bajimi wannan kiɗa."

Ta ce, "Kakan naka yana da kamfani?"

Ya juya taken Jaki. Ta ce, "Abin da ya shiga akwatina, nawa ne."

Ya juya na Burgu. Ta ce, "Shi ma nawa ne. Ka sake taɓa ɗaya, in farke gangar nan da haƙorana."

Kun ji marar kunya! Cindo ya rataye gangarsa a ɗaki. Kullum in ya dube ta sai idonsa ya ciko da hawaye.

Ranar gayya a gonar Sarkin Noma, gari ya fito, amma ba kiɗa. Kowa na jan hauya kamar wanda ya kwana da zazzaɓi. Cindo ya duba, ransa ya ɓaci, ya ce, "Wallahi yau sai na kaɗa. In za ta farke, ta farke." Ya ɗauko ganga ya saki taken Bajimi.

Kura ta sheƙo a guje, baki buɗe. "Ban hana ka ba?"

Hannun Cindo bai tsaya ba. Ya ce, "Ai mai shi nake yi wa. Taken wa ne wannan?"

Ta ce, "Nawa ne!"

Jin haka, Bajimi ya miƙa mata hauyarsa, ya koma inuwa ya kishingiɗa.

Sarkin Noma ya ce, "Madalla. A garin nan, mai take ba ya zama ana kaɗa takensa. Noma zai yi ta yi har kiɗa ya tsaya. In ya zauna kuwa, ya saki taken ke nan."

Kun san Kura da haɗama. Ta saki? Ina! Ta duƙa ta kama noma, gumi sharkaf.

Ta kai ƙarshen gona tana haki, Cindo ya juya kiɗa. "Wannan fa, na wa ne?"

"Nawa ne."

Jaki ya ajiye hauya, ya bi Bajimi inuwa. Kura ta juyo, tabarau ya faɗi, ta taka shi ba ta sani ba. Tafin hannunta duk ya yi kanta.

Sai Cindo ya saki na Burgu. Kai, yara, taken Burgu sauri gare shi, ba ya barin mutum ya haɗiyi yawu. "Wannan fa?"

Da ƙyar ta ce, "Na... nawa ne."

Ta sara nan, ta sara can, harshe a waje. Can sai ji aka yi rim! Ta faɗi a tsakiyar gero.

Ta ce, "Ba nawa ba ne."

Cindo ya ƙara wa ganga wuta. "Ɗaga murya, na inuwa ba su ji ba."

Ta kwarma ihu, "Ba nawa ba ne! Na Burgu ne! Na Jaki ne! Na Bajimi ne! Ko ɗaya ban ƙago ba!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Masu take suka miƙe, kowa ya karɓi hauyarsa, aka noma gonar tas, Kura na kwance ƙasa na zubo mata a ka.

To kun ji. Duk wanda ya ɗauki abin da kakanninku suka ƙago ya ce nasa ne, kada ku yi shiru ku rataye gangarku. Ku kaɗa a gabansa, ku tambaye shi da ƙarfi, na wa ne?

Ƙurunƙus kan Kura mai kamfani!